Filifa: daga teburin katako zuwa allon kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a ofis ko a gidan intanet na Yamai, Maradi ko Damagaram a shekarun 2000, da wuya a ce bai ga wani ɗan wasa da ke zuwa tare da Windows XP ba, mai suna Space Cadet. Ƙwallo ne ƙarami ke gangarowa, mai wasa yana maido shi sama da ƴan hannuwa biyu. Da yawa sun buga shi ba tare da sanin cewa hoto ne kawai na wani inji na ƙarfe da katako da gilashi ba, wanda Amurkawa ke kira pinbol, Faransawa kuma filifa, kuma yana da dogon tarihi.

Asalinsa wasan bagatal ne na Faransa ta ƙarni na 18, inda ake tura ƙwallo da sanda a kan tebur mai gangare da aka kafa wa ƙusoshi. A 1871 wani Bature ɗan Ingila mazaunin Amurka, Montague Redgrave, ya yi rajistar wata dabara ta harba ƙwallon da marfi mai sifirin maimakon sanda. Amma wasan bai zama sana'a ba sai lokacin babban karayar tattalin arziki. A 1931 David Gottlieb ya fito da Baffle Ball a Cikago, a 1932 Raymond Moloney ya bi shi da Ballyhoo. Da santi ɗaya talaka marar aiki yakan sami ɗan abin ɗebe kewa, shi ya sa injunan suka cika shaguna da mashayu.

A wancan lokaci mai wasa ba shi da iko a kan ƙwallo bayan ya harba shi, wasu injunan ma suna biyan kuɗi. Saboda haka hukumomi suka ɗauke shi caca. A 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta shi, ƴan sanda suka kwashe dubban injuna aka farfasa su da guduma. A 1947 kamfanin Gottlieb ya fito da Humpty Dumpty, inji na farko mai hannuwan bugu masu aiki da lantarki, guda 6. Daga nan ƙwarewa ta shigo cikin wasan, amma dokar ba ta canza ba sai 1976, lokacin da wani marubuci, Roger Sharpe, ya buga a gaban majalisar birnin, ya faɗi inda ƙwallo zai bi kafin ya harba, kuma ya bi nan ɗin.

Wasan ya kai ƙololuwa a 1992 da The Addams Family, wanda aka ƙera fiye da 20,000, adadin da babu wani inji mai hannuwa da ya kai. Shekaru kaɗan bayan haka kasuwa ta rushe, domin wasannin bidiyo sun shiga gidaje, ɗakunan wasa na gari suka yi ta rufewa. Gottlieb ya tsaya a 1996, Williams ya rufe sashensa na filifa a 1999. Kamfanin Stern kaɗai ya rage cikin manya har tsawon shekaru fiye da 10. Injunan da ke waje kuwa suna tsufa: roba tana bushewa, fenti yana goguwa, kayan gyara suna ƙarewa.

A nan ne masu sha'awa suka shigo. Tun 1983 Bill Budge ya fito da Pinball Construction Set, manhajar da ke ba mutum damar zana teburinsa a kwamfuta. A 2000 Randy Davis ya saki Visual Pinball kyauta, aka haɗa shi da PinMAME, wata manhaja da ke karanta ainihin umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar tsofaffin injuna. Aikin na haƙuri ne. Wani ya kwance injinsa ya ɗauki hoton kowane sashe, wani ya auna gangare da nauyin ƙwallo, wani ya naɗi ƙarar ƙarfe. Daga baya wasu suka riƙa harhaɗa akwati irin na asali a gida, su shimfiɗa talabijin a madadin filin wasa, ta yadda akwati ɗaya ke ɗauke da ɗaruruwan tebura.

Sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Ƙwallon ƙarfe yana da taurin kai wanda lissafi bai gama kamawa ba, kuma injuna biyu masu suna ɗaya ba sa wasa iri ɗaya. Wannan ne ya sa kamfanin Chicago Gaming ya sake ƙera Medieval Madness na 1997 da ƙarfe da katako, ya fara raba shi a 2015. Ga kuma matsalar mallaka. Kamfanin FarSight ya shafe shekaru yana kwafar teburan Williams da Bally cikin The Pinball Arcade, amma a ƙarshen Yunin 2018 izininsa ya ƙare, aka daina sayar da su gaba ɗaya, izinin ya koma hannun Zen Studios. Kwafin da aka yi domin kada abu ya ɓace, shi ma takardar yarjejeniya ɗaya ta isa ta janye shi daga kasuwa.

Ajiye na asalin ma ba shi da tabbas. Gidan tarihin filifa na Banning, a jihar Kalifoniya, ya rufe a 2021, aka yi gwanjon ɗaruruwan injunansa, suka watse hannun masu saye. Duk mai aikin adana kayan tarihi ya san wannan tsaka mai wuya: na asali yana buƙatar ɗaki da kuɗi da magyari, kwafi kuma yana buƙatar izini da na'urar da za ta iya karanta shi nan gaba. A sha'anin filifa, abin da ya fi daɗewa kawo yanzu shi ne aikin ƴan sa kai da ba sa neman riba. Randy Davis ya buɗe rubutun manhajarsa ga kowa a 2010, kuma tun daga lokacin wasu mutane ne daban, a ƙasashe daban-daban, ke ci gaba da gyara ta.