Yadda asibitocin Amurka suka koyi rainon sababbin ma'aikatan jinya

Shekaru da dama a asibitocin Amurka, nas takan fito daga makaranta, a zaga da ita na 'yan makonni, sai a danƙa mata ɗakin majinyata. Dare ya tsala, ƙarin ruwan wannan ya tsaya, numfashin wancan ya sauya, ita kuma tana juyayin ko ta tashi likita ko ta dakata. Da yawansu ba sa cika shekara suke ajiye aikin.

Marlene Kramer, wata malamar jinya, ta fito da wannan ciwo fili a 1974 cikin littafinta Reality Shock, inda ta nuna irin gigitar da sabuwar nas ke yi in ta tarar abin da aka koya mata a aji daban, abin da ke gabanta daban. A 1984 Patricia Benner, ita ma malamar jinya, ta ƙara da cewa ƙwarewa hawa biyar ce, kuma sai nas ta yi shekara biyu zuwa uku tana aiki iri ɗaya kafin hannunta ya faɗa sosai.

An ji, amma aka yi ta jan ƙafa. Abin takaici, sai da ƙarancin ma'aikata da tsadar ɗauko wasu suka taɓa aljihun asibitoci sannan aka motsa.

Asibitin Yara na Los Angeles ya fara nasa shirin rainon sababbin nas a 1999. A 2002 kuma ƙungiyar asibitocin jami'o'i da ta kwalejojin jinya suka haɗa kai, suka gwada manhaja guda ta shekara ɗaya a asibitoci shida. Sabuwar nas tana karɓar albashinta, an haɗa ta da gogaggiya mai tsaya mata a bakin gado. Wata-wata ana tara su su tattauna abin da suka gani: yadda ake gane majinyacin da jikinsa ke rikicewa, kuskuren magani, yadda ake tunkarar dangin mamaci. A wannan zama ne wadda ta tsorata take gane ba ita kaɗai ba ce.

A 2010 Cibiyar Likitanci ta Amurka ta ba da shawarar a yaɗa tsarin ko'ina, a shekarar kuma dokar Japan ta ɗora wa asibitoci nauyin ƙoƙarin horar da sababbin nas. Sai dai har yau, a Amurka, ƙananan asibitocin karkara ne suka fi shan wahalar ɗaukar nauyin wannan shiri.