Daga Katsina Zuwa Zariya: Yadda Barewa Ta Shiga Zukatan Mutanen Arewa

Duk inda aka zauna ana hirar makarantun da suka kwanta wa jama'a a rai a Arewacin Nijeriya, ba a nisa sai an ambaci Barewa. Rumfa ta Kano na da masoyanta, haka Alhudahuda ta Zariya da Kwalejin Gwamnati ta Keffi, amma Barewa ce uwa ma ba da mama. Sai dai in muka koma baya, za mu tarar cewa ba da ƙauna aka fara ba. An fara da ɗari-ɗari, kuma sai da aka shekara da shekaru kafin iyaye su saki jiki.

Lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, yawancin iyaye gudun boko suke yi. Wasu har ɓoye 'ya'yansu suke idan yaran hakimi sun zo ɗaukar ɗalibai. Duk da haka makarantun larduna suka yi ta ƙaruwa, aka rasa malaman da za su koyar a cikinsu. Wannan buƙata ce ta haifi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wato asalin Barewa, a 1921, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a watan Maris na 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Zaɓen Katsina ya yi ma'ana, domin gari ne da aka san shi da ilimi tun zamanin su Wali Ɗan Marina, kuma sarkinsa ya karɓi abin hannu biyu.

A wannan gini na ƙasa aka dasa irin ƙaunar da muke magana a kai. Ɗalibai kaɗan ne, zaɓaɓɓu daga kowane lardi, kuma shekara biyar suke yi suna kwana wuri ɗaya, suna cin tuwo ɗaya. Kashim Ibrahim ya zo daga Barno, Aliyu wanda ya zama Makaman Bida ya zo daga ƙasar Nupe, Abubakar Imam daga Kagara. Kowa da lambarsa ta shiga makaranta, wadda ke binsa har tsufa: Ahmadu Raba, wato Sardauna na gaba, shi ne mai lamba 87, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa 145. Ana koyar da Turanci da tsanani, ana karanta Larabci da addini, da yamma kuma a fita wasan kurket ko fayif, wanda Sardauna bai daina bugawa ba har ya zama Firimiya. Amfanin wannan horo ya bayyana da wuri. A gasar rubutun littattafan Hausa ta 1933, Ruwan Bagaja da Shaihu Umar sun fito daga hannun tsofaffin ɗaliban kwalejin, Ganɗoki kuma daga hannun malaminsu, Bello Kagara.

A 1938 makarantar ta yi ƙaura zuwa Kaduna, manufarta ma ta faɗaɗa. Ba malamai kaɗai ake nema ba yanzu, ana son waɗanda za su riƙe ofis, su shiga aikin asibiti da na gona da na injiniya. A nan su Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu. A 1939 aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wadda ta zama ɗaya daga cikin wuraren farko da 'yan bokon Arewa suka fara tattauna makomar yankinsu. Da siyasar jam'iyyu ta kankama, sai ga jagoran jam'iyyar NPC, Sardauna, da jagoran jam'iyyar NEPU, Malam Aminu Kano, duk 'yan makaranta ɗaya ne, suna adawa a dandali.

Ƙaura ta ƙarshe ita ce ta 1949, zuwa Zariya, a kan hanyar Gaskiya. Wannan zamani ne ya juya tunanin iyaye gaba ɗaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki aniyar damƙa ayyukanta a hannun 'yan Arewa, kuma duk yaron da ya fito daga wannan makaranta aiki na jiransa tun kafin ya karɓi takardar shaidarsa. Uban da kakansa ya ɓoye ɗa a rumbu, shi ne yanzu yake addu'ar ɗansa ya ci jarrabawar shiga. Ƙofa ma ta ƙara buɗewa: makarantar da aka gina don 'ya'yan Musulmi ta karɓi Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin bishara daga Wusasa, ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan sarakuna da na talakawa. Daga nan matasa da dama suka shiga soja, cikinsu har da Murtala Muhammed. Shi ya sa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya zame wa makarantar babban makoki, don ta rasa Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad a tashi ɗaya.

Sunan Barewa da muka sani yau a 1971 aka raɗa shi, kuma a wannan tsakanin ne Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu a can, wanda ya zama mutum na biyar daga makarantar da ya shugabanci gwamnatin Nijeriya. Amma a daidai lokacin ne ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin ƙafarta. An raba Arewa jihohi shida a 1967, kowace jiha ta mai da hankali kan nata makarantun, daga bisani Barewa ta koma hannun Jihar Kaduna. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwararo da ɗalibai fiye da yadda azuzuwa da ɗakunan kwana za su ɗauka, sannan tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 ya zo ya tarar da gine-gine sun fara tsufa. Masu hali suka juya zuwa makarantun kuɗi, har da wasu daga cikin tsofaffin ɗaliban.

To, me ya rage? Ƙaunar tsofaffin ɗalibai tana nan daram. Ƙungiyarsu ta BOBA na taruwa, tana gyara gine-gine, ta kuma yi bikin cikar makarantar shekara ɗari. In biyu suka haɗu, tambayar farko ita ce lamba da gida: Bello Kagara ko Nagwamatse, Clifford ko Ɗan Hausa? Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, abubuwa uku suka gina wannan ƙauna: zaɓen ɗalibi bisa cancanta, malamin da ya san kowane yaro da sunansa, da haɗa 'ya'yan garuruwa da addinai daban-daban a ɗaki ɗaya. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfinmu a yau.

Kiranmu ga Gwamnatin Jihar Kaduna da sauran gwamnonin Arewa da tsofaffin ɗalibai shi ne a wuce fenti da taron shekara-shekara. A ɗauki ƙwararrun malamai a biya su da kyau, a daidaita yawan ɗalibai, a sake buɗe ƙofa ga haziƙan yara daga kowace jiha. Ranar da tsohon ɗalibin Barewa ya ɗauki ɗan cikinsa ya kai shi can da farin ciki, ranar ce za mu ce makarantar ta dawo da martabarta. Allah Ya nuna mana.