Rabon Yara a Filin Ƙwallo: Shekara Sittin Ana Neman Ma'auni

Tsohuwar hanyar raba yara a filin ƙwallo ba ta buƙatar takarda ko alƙalami. Manyan yara biyu su tsaya a gaba, sauran su jeru, wannan ya kira suna, wancan ya kira, har layi ya ƙare. Wanda ya rage a ƙarshe ya san matsayinsa ba sai an faɗa masa ba, kuma galibi shi ake turawa ya tsare raga. Hanyar tana da nata adalcin, domin zaɓen bi-da-bi yakan sa ƙarfin ɓangarorin biyu ya yi kusa da juna, ga shi kuma gobe da yamma za a sake sabon rabo. Wahala takan fara ne ranar da manya suka shigo da rajista da riguna da kofi, suka ce ƙungiyar da aka haɗa yau ita za ta buga har ƙarshen kaka. Daga nan rabon minti biyar ya zama hukuncin wata uku a kan yaro ɗan shekara tara.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ɗaukar wannan matsala da gaske shi ne Torrance, wani gari a kudancin Los Angeles da ke jihar Kalifoniya. A 1964 wasu mutane ƙalilan, ciki har da Hans Stierle mai tushen Jamus, suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yaran Amurka wadda aka fi sani da AYSO. Da ƙungiyoyi tara suka fara. A wancan zamani ƙwallon ƙafa a Amurka wasan baƙi ne, yana hannun kulob-kulob na 'yan ci-rani, Jamusawa da nasu, Italiyawa da nasu, mutanen Meziko da nasu. Burin su Stierle shi ne wasan ya shiga unguwannin da iyaye ba su taɓa buga shi ba. Cikin yaran kakar farko akwai Sigi Schmid, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan kociyoyin ƙasar.

Wanda ke neman iyaye su kawo 'ya'yansu wasan da ba su sani ba, dole ya ba su dalilin dawowa. Uban da ya ɓata safiyar Asabar yana kallon ɗansa a zaune a benci ba zai sake biyan kuɗin rajista ba, haka ma uwar da ake lallasa ƙungiyar ɗanta da ci takwas kowane mako. Saboda haka tun a shekarun farko AYSO ta kafa ƙa'idoji biyu da suka zama tambarinta. Ta farko, duk yaron da aka yi wa rajista sai ya buga aƙalla rabin kowane wasa. Ta biyu, a kowace shekara za a wargaza ƙungiyoyi a sake haɗa su yadda ƙarfinsu zai zo daidai gwargwadon iko. Tunanin ba baƙo ba ne ga Amurkawa, domin tun 1936 babbar gasar zari-rugarsu ta NFL take bai wa ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe damar fara zaɓen sababbin 'yan wasa. Sabon abu shi ne kawo shi cikin yara, inda babu kuɗin tikiti da ake karewa sai sha'awar yaro.

Yadda ake aikin ya bambanta daga yanki zuwa yanki, amma ginshiƙinsa ɗaya ne. A ƙarshen kaka kowane koci ya ba yaransa maki, ko kuma a tara yaran a yi musu gwaji. Sai a jera sunaye daga na sama zuwa na ƙasa, a raba su da zaɓen kai-da-komo. Idan ƙungiyoyi huɗu ne, ta farko ta ɗauki na 1, ta biyu na 2, ta uku na 3, ta huɗu na 4, sannan a juyo da baya: ta huɗu ta ɗauki na 5, ta uku na 6, ta biyu na 7, ta farko na 8. Wanda ya haɗa lissafin zai ga kowace ƙungiya ta tashi da 9. Da an bi layi ɗaya ba juyowa, da ta farko ta kwashi na 1 da na 5, ta huɗu ta ƙare da na 4 da na 8, kuma ratar ta riƙa ƙaruwa a kowane zagaye.

A takarda ke nan. A fili kuwa, son zuciya bai taɓa rasa ƙofa ba. Kociyoyin nan iyaye ne 'yan sa-kai, kuma bisa al'ada ɗan koci yana tare da mahaifinsa. To, sai uban gwanin yaro ya nemi uban wani gwanin ya zama mataimakinsa, kafin a fara rabo an riga an tara zakaru biyu a akurki ɗaya. Wani kocin ya rage wa yaronsa mafi iyawa maki da gangan, da fatan ya sake samunsa a zagaye na uku. Iyaye su kawo roƙon a haɗa ɗansu da ɗan maƙwabci saboda mota ɗaya ke kai su, sai a duba a ga ɗan maƙwabcin shi ya fi kowa cin ƙwallo bara. Yawancin dokokin da gasannin yara suka tara a kan rabo, kamar ƙayyade yawan yaran da koci zai riƙe, ko sa mutane da dama su ba yaro ɗaya maki, ko ɓoye sunaye a raba da lamba, kowace an kafa ta ne bayan wani ya bi ta wata kafa.

Babban ƙalubalen ma daga waje ya zo. Yayin da wasan ya bunƙasa, kulob-kulob masu tace yara suka yawaita, waɗanda ke gwaji su ɗebi na sama su sallami saura, iyaye kuma su biya kuɗi mai yawa. Iyayen da ke ganin ɗansu ya fi tsaransa ba sa son ya ɓata lokaci da 'yan cikon benci. Har AYSO kanta daga baya ta buɗe sassa na zaɓaɓɓun yara don kada gwanayenta su gudu. Duk da haka tsarin bai rasa abin nunawa ba: Alex Morgan, wadda ta ci Kofin Duniya na mata da Amurka a 2015 da 2019, a AYSO ta taso, kuma sai da ta kai shekara 14 ta shiga kulob mai tacewa.

Amma akwai rauni a ƙarƙashin tsarin gaba ɗaya wanda ba a gani ba sai bayan shekara ashirin. Duk wannan lissafi ya dogara ne da makin da aka ba yaro, kuma an ɗauka makin iyawa yake aunawa. A farkon shekarun 1980, wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Roger Barnsley, ya je kallon wasan hoki na kan ƙanƙara na matasa tare da matarsa Paula. Ita ce ta lura, tana duba takardar sunayen 'yan wasa, cewa yawancinsu a watannin farkon shekara aka haife su. Binciken da suka wallafa a 1985 tare da A. H. Thompson ya nuna abin ba haɗuwar sa'a ba ce. A manyan gasannin matasa na hoki, kusan kashi 40 cikin ɗari an haife su tsakanin Janairu da Maris, waɗanda aka haifa a watanni ukun ƙarshe kuwa kusan kashi 10 ne kawai. Dalilin a bayyane yake. Ana yanke rukunin shekaru daga 1 ga Janairu, don haka ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda alhali suna rukuni ɗaya. A shekara tara, wata goma sha ɗaya ba ƙaramar rata ba ce. Babban ya fi tsawo, ya fi gudu, koci ya kira wannan baiwa, ya zaɓe shi, ya ƙara masa horo da wasanni. Bayan shekara biyar ya fi ɗan Disamba iyawa da gaske, kuma kowa ya ce ai dama an gani tun yana ƙarami.

Ƙwallon ƙafa ta ba da hujjar da ta fi kowace ƙarfi. A 1997 aka mayar da ranar yanke shekaru a gasannin matasa na duniya daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Janairu. Masu bincike a Beljiyam, ƙarƙashin Werner Helsen, suka bi sawun abin da ya faru. Kafin canjin, 'yan Agusta zuwa Oktoba ne suka cika ƙungiyoyin zaɓaɓɓu. Bayan canjin, cikin ɗan lokaci, rinjaye ya koma ga 'yan Janairu zuwa Maris. Baiwa ba ta ƙaura daga wata zuwa wata ba, kalanda ce aka matsar. A Ingila, inda ake yankewa daga 1 ga Satumba, 'yan Yuli da Agusta ne ke shan kashi. Harry Kane, wanda aka haifa a ƙarshen Yulin 1993, kaka ɗaya ya yi a makarantar horon Arsenal yana yaro aka sallame shi.

Ko da an gyara batun wata, akwai na balaga, wanda ya fi shi girma. Yara biyu da aka haifa rana ɗaya, a shekara 13 ɗaya na iya zama da jikin saurayi da muryar namiji, ɗayan kuma har yanzu yaro ne. Sheffield Wednesday ta sallami Jamie Vardy yana ɗan shekara 16 saboda ƙanƙantar jiki, mutumin da ya ci gasar Firimiya da Leicester a 2016. Beljiyam, wadda ta ga irin wannan asara, ta kafa tun 2008 wasu ƙungiyoyin ƙasa na daban don yaran da girma ya yi wa jinkiri, ana horar da su a gefe har jikinsu ya cim ma ƙafarsu. A New Zealand kuwa an daɗe ana raba yaran zari-ruga da nauyi a wasu gasanni, domin a can bambancin jiki karaya yake jawowa.

A 2015 hukumar Firimiya ta Ingila, tare da masana daga Jami'ar Bath, ta shirya gasar gwaji tsakanin makarantun horo na Southampton da Stoke City da Reading da Norwich City. An ajiye takardar haihuwa gefe. Aka auna tsawon kowane yaro da nauyinsa, aka haɗa da tsawon iyayensa, aka ƙiyasta tsawon da zai kai in ya gama girma, sannan aka tara yaran da suka kai tsakanin kashi 85 da 90 cikin ɗari na wannan tsawo, masu shekara 11 zuwa 14, suka buga tare. Abin da yaran suka faɗa bayan gasar ya fi komai jan hankali. Waɗanda suka saba ture tsaransu da ƙirji suka tarar ba wanda zai turu, dole suka saki ƙwallo da wuri, suka yi tunani. Ƙananan da suka saba ɓuya a gefen fili suka sami sarari suka nuna ƙafa, wasunsu har suka ja ragamar ƙungiya. Ashe tsohon rabon ɓangarorin biyu yake cuta, domin babban yaron da ƙarfi ke ciyar da shi ba ya koyon dabarar da zai buƙata ranar da kowa ya kamo shi. Hanyar ba ta maye gurbin rukunin shekaru ba, ana amfani da ita ne jefi-jefi, kuma girman jiki ba ya nuna girman hankali: ɗan shekara 11 mai dogon ƙashi yaro ne har yanzu in aka sa shi cikin 'yan 14.

Duk wannan muhawara ta ɗauka an san ranar haihuwar yaro. Inda rajistar haihuwa ba ta game ko'ina ba, matsalar takan sauya kama. Nijeriya ta ci kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, amma a 1989 FIFA ta dakatar da ita daga gasannin matasa na shekara biyu, ta kuma ƙwace mata baƙuncin gasar 1991, saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa. A gasar 'yan ƙasa da 17 da Nijeriya ta karɓi baƙunci a 2009, FIFA ta shigo da hoton MRI na wuyan hannu, wanda ke duba ko mahaɗar girma ta ƙashin ta rufe. A 2016 yara 26 daga sansanin Golden Eaglets suka faɗi wannan gwaji gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da su alhali su ke riƙe da kofin duniya. Abin lura shi ne na'urar ba ta karanta ranar haihuwa, nisan girman ƙashi take gani. Abin da ake aunawa a Bath don a sama wa yaro rukunin da ya dace da shi, kusan shi ake aunawa a nan don a rufe masa ƙofa. Gwajin ya kori magudi mai yawa, amma yaro mai gaskiya da ƙashinsa ya yi saurin rufewa zai iya tafiya tare da masu ƙarya, mai shekarun da ƙashinsa ya yi jinkiri kuma ya tsallake.

A Amurka, inda labarin ya faro, har yanzu ana matsar da layin. A 2016 hukumar ƙwallon ƙasar ta sa gasannin yara su bar ranar 1 ga Agusta su koma shekarar haihuwa, daga Janairu zuwa Disamba, don su dace da tsarin duniya. Canjin ya raba 'yan aji ɗaya zuwa rukuni biyu, ya wargaza ƙungiyoyin da suka daɗe tare, iyaye suka yi ta ƙorafi. A 2025 manyan ƙungiyoyin yara uku, ciki har da AYSO, suka sanar cewa daga kakar 2026 za a koma 1 ga Agusta. Yaran Disamba, da suka shekara goma suna ƙanana a rukuninsu, za su dawo tsakiya. Na ƙarshen layi yanzu 'yan Yuli ne.