Fiyanon da Ba Shi da Murya

Ranar da muka fara sayen ɗan ƙaramin kibod ɗin nan mai maɓallai 25, saura ƙiris mu koma mu yi rigima da mai shago. Mun kawo shi gida, muka jona masa waya, fitilunsa suka kama, muka danna maɓalli, shiru. Muka juya shi gaba da baya, babu lasifika, babu ko ramin da za a soka abin saurare na kunne. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja, sai da wani yaro mai haɗa kiɗa a unguwarmu ya zo ya yi dariyarsa son ransa, sannan ya ce, "Yaya, ai wannan ba ya kuka. Kwamfuta yake yi wa magana, ita ce mai kukan."

Gaskiya yaron ya faɗa. Abin da ke fita daga wannan na'ura lambobi ne zalla. Idan ka danna farin maɓallin da makaɗa ke ɗauka a matsayin tsakiyar fiyano, lambobi uku ne ke bin waya su tafi, misali 144, 60, 100. Ta farko tana cewa an danna maɓalli a layi na ɗaya, ta biyu tana faɗin wane maɓalli ne, ta uku kuma tana faɗin yadda yatsa ya sauka a kansa, a hankali ko da zafi. Idan ka ɗaga yatsa, wani saƙon ya bi baya yana cewa an saki. Idan wannan saƙo na biyu ya ɓace a hanya, amon zai yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, shi ya sa manhajojin kiɗa da yawa suke ajiye wani maɓalli na musamman da aikinsa kawai shi ne ya rufe bakin kowa. Wannan yaren shi ake kira MIDI, kuma ya girmi akasarin waɗanda ke amfani da shi a yau.

A shekarun 1970 kowane kamfanin ƙera kayan kiɗa na lantarki da nasa yaren. Na'urorin suna fahimtar juna ne ta hanyar ƙarfin wuta, amma ba a daidaita ma'auni ba: Moog da Roland suna ƙirga shi ta wata hanya, Korg da Yamaha ta wata. Makaɗin da ya jona na wannan da na wancan sai ya ji amon ya karkace. Da aka fara saka ƙananan ƙwaƙwalwar kwamfuta a cikin na'urorin, abin ya ƙara dagulewa, domin kowane kamfani ya ƙirƙiro tasa hanyar da 'yan gidansa kaɗai ke ganewa.

Mutum biyu aka fi jingina wa warware wannan ƙulli. Ɗaya Ikutaro Kakehashi, mutumin Japan, wanda ya tashi maraya, ya fara sana'a da gyaran agogo, ya sha fama da tarin fuka, kafin ya kafa kamfanin Roland a birnin Osaka a 1972. Ɗayan kuma Dave Smith, injiniya ɗan Amurka, mai kamfanin Sequential Circuits a jihar Kalifoniya. A watan Oktoban 1981 Smith da abokin aikinsa Chet Wood suka gabatar da takarda a taron injiniyoyin sauti a birnin New York, suna ba da shawarar a yi yare ɗaya. Kamfanonin Amurka da dama ba su ɗauki maganar da zafi ba. Na Japan ne, wato Roland da Yamaha da Korg da Kawai, suka riƙe ta har aka kai ga matsaya. A watan Janairun 1983, a baje kolin kayan kiɗa na NAMM a garin Anaheim, aka jona Prophet-600 na Smith da Jupiter-6 na Roland da waya ɗaya, aka danna wannan, wancan ya amsa. A watan Agustan shekarar aka fitar da rubutacciyar ƙa'idar.

Abin da ya fi burge mu, mu da muka saba ganin kamfanoni suna kulle abin da suka ƙirƙira, shi ne babu wanda ya nemi a biya shi ko sisi kafin a yi amfani da yaren. Duk mai so ya ɗauka ya saka a na'urarsa. Kamfanin Smith ma bai daɗe ba, ya durƙushe a 1987, Yamaha ta saye abin da ya saura har da sunan. Sai a 2015 ta mayar masa da sunan kamfaninsa, kuma Kakehashi na cikin waɗanda suka sa baki. Kafin nan, a 2013, an ba su biyun lambar yabo ta Grammy a ɓangaren fasaha. Kakehashi ya rasu a 2017, Smith kuma a 2022.

Sai mu ɗan tsaya a kan lissafin, domin a nan ne alherin abin da cikas ɗinsa suke kwance tare. Wayar MIDI ta asali, mai kai zagayayye da fil biyar, tana ɗaukar bit 31,250 a daƙiƙa. An zaɓi wannan adadi ne saboda shi ake samu idan aka raba miliyan ɗaya gida 32, abin da ƙwaƙwalwar na'urorin lokacin ke iya yi ba wahala. Saƙon danna maɓalli ɗaya yana cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A kowane bayit kuma an ware bit ɗaya don a bambance umarni da bayani, saura bakwai. Bit bakwai ba sa ƙirga abin da ya wuce 0 zuwa 127. Daga nan lambar 128 ta mamaye komai: amo 128, matakan ƙarfin bugu 128, murɗa abin ƙara sauti mataki 128. Layuka kuma 16, kowane layi da kayan kiɗansa. Cikakken fiyano mai maɓallai 88 yana zaune ne tsakanin lamba 21 da 108, saboda haka injiniyoyin suna ganin sun bar rara mai yawa.

Wannan ne ma sirrin ƙanƙantar ɗan kibod ɗinmu. Maɓallai 25 tsani biyu ne masu matakai goma sha biyu-biyu, da ɗoriyar guda ɗaya. Idan kana son amo mai kauri ko siriri fiye da abin da ke gabanka, akwai 'yan maɓallai biyu a gefe, ɗaya yana ƙara 12 a kan kowace lamba, ɗaya yana ragewa. Tarawa da ɗebewa irin na 'yan firamare, shi ke nan an sami fiyano sukutum a cikin jakar goyo.

Amma an ɗauki kusan shekara ashirin kafin a zo nan. Da farko kibod ne ke yi wa kibod magana. A 1985 kwamfutar Atari ST ta fito da ramukan MIDI a jikinta, makaɗan Turai suka rungume ta, a kanta kuma kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar da Cubase a 1989. A lokacin kwamfuta magatakarda ce kawai, tana rubuta wane maɓalli aka danna da yaushe, sautin yana fitowa daga wasu akwatuna masu tsada. A 1996 Steinberg ya fito da tsarin VST, a 1999 kuma tsarin ya ba da damar kayan kiɗan kansu su zama manhaja. A wannan shekarar ce aka fitar da ƙa'idar tura MIDI ta wayar USB, wadda ke kawo wuta da saƙo lokaci guda. Tun da sauti ya koma cikin kwamfuta, me kibod zai yi da murya? A 2002 Oxygen 8 ya fito da maɓallai 25, a 2008 Korg ya fitar da nanoKEY mai sirantaka kamar littafin rubutu, sannan Akai ya kawo MPK Mini, wanda ya haɗa maɓallan da 'yan matasan roba takwas na buga ganga, gadon da ya ci daga MPC60 na 1988.

Mai karatu da ya riƙe wayar salula a farkon shekarun 2000 ya riga ya san MIDI ko bai san sunansa ba. Kiɗan kiran nan mai sautuka da yawa da muka riƙa yi wa juna yanga da shi a wayoyin Nokia, yawancinsa fayil ɗin MIDI ne. Shi ya sa bai da nauyi, kuma shi ya sa waƙa ɗaya takan fito daban a wayoyi biyu: takardar umarni ce aka tura, kowace waya ta rera da muryar da Allah ya hore mata.

To, ina mu a cikin wannan tarihi? Kiɗan lantarki ya riga MIDI zuwa yankinmu. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset da organ ɗinsa na lantarki tun 1978, aka sake fitar da shi ga duniya a 2013. A Kano kuwa, tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha jerin PSR ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa. Wannan shi yana da muryarsa, da lasifikarsa, da gangunan da ke buga kansu. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya ya maye gurbin taron makaɗa, har kalmar "fiyano" ta zama sunan wani nau'in kiɗa sukutum. Da kwamfuta ta yi araha, manhajoji irin su FL Studio, wadda ta faro a Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, suka shigo sitidiyo, ɗan kibod mara murya ya sami wurin zama. A ƙasar da wuta ke zuwa idan ta ga dama, na'urar da ke shan wutarta daga batirin laftof ba ƙaramar garaɓasa ba ce.

Sai dai akwai abin da aka gasa a cikin yaren tun ran gini, wanda masu ginin ba su ɗauke shi zaɓi ba, domin shi suka tashi suka tarar. Tsakanin lamba 60 da 61 babu komai. Yaren ya ɗauka cewa kiɗa tsani ne mai matakai 12 daidai wa daida, kamar yadda ake saita fiyanon Turai. Kalangu kuwa ba ya hawa tsani. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure, amon ya tashi, ya sassauta ya zame ƙasa, kuma a cikin wannan zamiyar ce kalangu ke kwaikwayon hawa da saukar maganar Hausa har ya kira sunan mutum. Wanda ya saurari kalangan da ke bayan Mamman Shata ya san abin da muke nufi. Goge da kukuma ma haka, babu wani shinge a kan tsarkiyarsu, yatsa yana tsayawa inda kunne ya ce ya tsaya.

A 1991 aka fitar da General MIDI, jerin kayan kiɗa 128 da aka yarda kowace na'ura ta lamba su iri ɗaya, layi na 10 kuma na ganguna. A ciki akwai sitar da shanai na Indiya, da koto da shamisen na Japan, da kalimba. Babu kalangu, babu algaita, babu kuntigi. Akwai dai agogo, ba na duba lokaci ba, ƙararrawar ƙarfen nan ta Yarbawa da ta bi bayi zuwa Barazil, ta shiga kiɗan samba, ta nan ta sami kujera a jerin. Daga wannan kalmar ta Yarbanci muka ari sunan agogonmu. A ganinmu, idan ana neman dalilin da ya sa waƙoƙin fim ɗinmu suka karkata ga Indiya, bayan daɗewar da muka yi muna kallon finafinansu, ya kamata a duba abin da makaɗi yake tararwa a shirye a ƙarƙashin yatsunsa.

Ba wai babu ƙofa ba. Yaren yana da saƙon lanƙwasa amo, kuma shi an ba shi bit 14, wato matakai 16,384. Da shi za a iya zamiya irin ta kalangu. Matsalar ita ce a kan yawancin ƙananan kibod abin lanƙwasawar ɗan sanda ne ko tsirin roba da yatsa ke zamewa a kai, wasu ma maɓalli ne kawai, kuma yana lanƙwasa duk amon da ke layin a lokaci ɗaya. An kuma fitar da ƙa'idar sake saita tsanin tun 1992, amma kamfanoni kaɗan ne suka kula ta. Larabawa da Turkawa, da yake kasuwarsu ta yi magana, Yamaha da Korg sun ƙera musu fiyano na musamman masu jerin maɓallan sauke amo da rabin mataki, don maƙamansu su fito daidai. Mu muka karɓi fiyanon yadda ya zo, muka tanƙwara waƙar ta bi shi, sannan Auto-Tune, wanda ya fito a 1997, ya zo ya ja muryar mawaƙi ita ma ya ɗora ta a kan tsanin.

A 2018 aka amince da tsarin MPE, wanda ke ba kowane yatsa layinsa don ya lanƙwasa amonsa shi kaɗai. A Janairun 2020 aka amince da MIDI 2.0, inda matakan ƙarfin bugu suka tashi daga 128 zuwa 65,536, kuma saƙon danna maɓalli yana iya ɗaukar ainihin amon da ake so, ko da tsakanin 60 da 61 yake. An tsara sabon yaren ta yadda zai koma tsohon idan ya haɗu da na'urar da ba ta gane shi ba.

Wani Asabar muka gwada abin da kanmu. Manhajar shiga intanet ta Chrome tana karɓar MIDI tun 2015, saboda haka 'yan layukan rubutu kaɗan suka isa mu karanta lambobin da ɗan kibod ke turowa. Muka naɗi bugu ɗaya na kalangu da waya a wani gidan biki, da izinin makaɗin, muka ɗora shi a kan maɓallan, muka ɗaura lanƙwasar amo a kan ɗaya daga cikin ƙullutan da ake murɗawa maimakon ɗan sandan. Hannun dama yana bugu, na hagu yana aikin hammata. Muka kira yaron nan ya saurara. Ya ce zamiyar ta fito, amma kalangun namu yana magana kamar baƙon da ya koyi Hausa a littafi, domin idan makaɗi ya matse tsarkiya ba amo kaɗai ke tashi ba, kaurin sautin ma yana sauyawa, mu kuwa bugu ɗaya muke ja sama da ƙasa. Ya ce sai mun koma mun naɗo bugu a kowane matakin matsi, aƙalla biyar ko shida. Makaɗin ya yarda, amma ya ce sai bayan Sallah, yanzu lokacin biki ne.