ZAMANMU DA MAƘWABTA: ABIN DA TARIHIN WUSASA YA KOYA MANA

'Yan'uwa cikin Almasihu, yayin da muke bikin cika shekara 50 na wannan ekklisiya, ya kamata mu tuna cewa Bishara ta same mu ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi da masu bin al'adun gargajiya. A tsakiyarsu kuma ta yi girma.

A shekarar 1905 Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya, inda ya buɗe makaranta da wurin shan magani. A 1929 aikin ya koma Wusasa, bayan gari. Nan aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausawa. Asibitin Wusasa kuwa ya ba majinyata na kowane addini magani.

Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara sun yi amfani da kalmomin da kowane Bahaushe ya sani: Allah, annabi, mala'ika, addu'a, zunubi, gafara. Bangaskiyarmu dabam take da ta maƙwabtanmu, ba mu kuwa ɓoye wannan ba, amma da harshe ɗaya muke roƙo.

'Ya'yan wannan aiki sun yi wa kowa hidima. Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, Kirista ne, shi ne kuma aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, ko da yake yawancin 'ya'yanta Musulmi ne. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya riƙe ƙasar nan a waɗannan shekaru.

Amma zo mu zauna, zo mu saɓa. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna, Zariya da Funtuwa. Aka ƙone wuraren sujada, aka yi hasarar rayuka. Sai na Zangon Kataf a 1992, da na Kaduna a 2000, wanda ya sa mutane suka rabu unguwa-unguwa bisa ga addini.

Duk da haka Ubangiji bai bar mu ba. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa 'yan'uwansa, sun yafe wa juna, suka fara aikin sulhu tare a 1995.

Yau 'ya'yanmu da na maƙwabta suna aji ɗaya, kasuwa ɗaya, wani lokaci ma kaka ɗaya. Iyayenmu sun riƙe bangaskiyarsu da ƙarfi, ba su kuwa rufe ƙofa ga maƙwabci ba. Wannan gādo ne aka danƙa mana. Allah ya ba mu alherin miƙa shi ga na baya. Amin.