Yaro da Kasuwa: Daga Wurnon Bello Zuwa Lahadin Goronyo

A wannan mako za mu waiwayi wata tambaya da iyaye ke yawan yi: yaya za a je cefane da ƙananan yara ba tare da kuka da rigima ba? Tarihin yankinmu na gabashin Sakkwato yana da amsa.

Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, da wuri ake ciniki. Haka Baturen Jamus Heinrich Barth ya tarar da ya sauka garin a 1853, zamanin Aliyu Babba. Biyar-biyar ake ƙidayar wuri, don haka yaron da aka aika sayen gishiri ko daddawa lissafi yake koyo a gaban mai kaya.

A gidajen da ake kulle, matar aure ba ta fita kasuwa. Yaro ne ƙafarta. Shi ke kai furarta da ƙuli-ƙulinta talla, shi ke dawo mata da kayan miya da canji. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan yara ta dogara. Jariri kuwa yana goye a bayan kaka ko yayarsa, an ɗaure da majanyi.

Sirrin ke nan: yaron da yake da aikin yi bai da lokacin rigima. A ciyar da shi kafin a fita, a yi sammako kafin rana ta buɗe, a ba shi ƙwarya ya riƙe, a ce shi zai zaɓi albasa. Tsaraba kuma, ko rake ko alewa, sai an gama cefane, don ta zama ladan haƙuri. Kuma a tabbata ya haddace sunan mahaifinsa da unguwarsu saboda ɓata.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya fara jan yara daga faifan talla zuwa aji, kuma wannan alheri ne, don talla ta hana 'ya'ya mata da yawa karatu. Na biyu ya fi ciwo. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, suka kashe mutum sama da 40. Tun daga nan, uban da zai tafi Lahadin Goronyo ko Larabar Achida ba kukan alewa kaɗai yake tunani ba. Yana tunanin hanya, da dawowa gida kafin duhu, da ko a bar yaron wajen kakarsa.

Mu masu koyon rubutu, idan za mu kai yaro kasuwa a labarinmu, kada mu aro masa kanti mai keken turawa daga fim. Mu ba shi ƙwaryarsa da canjinsa ƙulle a bakin zane, mu kuma rubuta zuciyar uwar da ke jiran sallamarsa a bayan zaure.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.