Mother India (1957): 'Yan Wasansa da Yadda Aka Shirya Shi

Daga cikin finafinan Indiya da suka mamaye gidajen silima na Kano da na Umdurman bayan shekarun 1950, kaɗan ne suka zauna a zukatan masu kallo kamar Mother India na Mehboob Khan, wanda aka fara nunawa a watan Oktoba na 1957. Ba sabon labari ba ne a hannun Mehboob, domin ya riga ya shirya shi a 1940 da sunan Aurat, inda Sardar Akhtar ta fito a matsayin uwar. Sunan da ya ba sabon fim ɗin kuwa raddi ne ga littafin Katherine Mayo, Ba'amurkiya, na 1927 mai wannan suna, wanda ya ƙasƙantar da matan Indiya.

Labarin na Radha ne, wadda surukarta ta ci bashin rufi 500 wajen Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa, domin hidimar biki. Bashin ya cinye kashi uku bisa huɗu na amfanin gonarsu, dutse ya murƙushe hannuwan mijinta Shamu har ya gudu don kunya, ambaliya kuma ta share gari. A ƙarshe Radha ta harbe ɗanta Birju da hannunta saboda ya sace 'yar Sukhilala. Manomin da ya san zafin bashin kaka ba ya buƙatar fassara kafin ya gane wannan labari.

Zaɓen 'yan wasa shi ne wurin da ya fi ɗaukar hankali. Nargis, wadda sunanta na yanka Fatima Rashid, an haife ta a 1929, shekarar da aka haifi Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin ɗanta Birju. An yi niyyar ba wa Dilip Kumar wannan matsayi, sai Nargis ta ƙi, bisa hujjar cewa jama'a sun saba ganinsu a matsayin masoya, ba za su yarda da su uwa da ɗa ba. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ƙaddara ta yi mata dariya. A lokacin ɗaukar fitowar gobara a ƙauyen Umra, kusa da Surat a Gujarat, wutar ta fi ƙarfin ma'aikata ta kewaye Nargis, Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, ya ƙone a fuska da ƙirji. Ta yi jinyarsa, suka yi aure a watan Maris na 1958. Raaj Kumar ne Shamu, Rajendra Kumar kuma Ramu, ɗa mai biyayya. Kanhaiyalal shi kaɗai ya maimaita matsayinsa na Sukhilala daga Aurat, kuma da wuya a sami mugun da aka tsana a silima kamarsa.

Faredoon Irani ya ɗauki hoton mai launi, Naushad ya tsara kiɗa, Shakeel Badayuni ya rubuta waƙoƙi, Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suna cikin mawaƙa. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga takarar Oscar ta finafinan harsunan waje, a 1958, inda Nights of Cabiria na Fellini, ɗan Italiya, ya doke shi. A shekarar ce kuma Nargis ta karɓi kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin finafinai na Karlovy Vary.